Hazon hunturu: Yadda ƙura ke taɓa lafiyar jama'a da harkar baƙi daga Uke zuwa Abuja

Direban da ya taso daga Keffi da asuba a tsakiyar watan Janairu zai nufi Abuja ba ya saurin kashe fitilar motarsa, ko da gari ya waye. Kafin ya iso Uke hazo ya riga ya sha gabansa. Duwatsu da itatuwan da ya saba gani daga nesa sun ɓace, motar da ke gabansa kuma sai ya matso kusa yake gane launinta. Idan rana ta ɗago, takan fito fara fat kamar faranti, har mutum ya iya kallonta ido da ido ba tare da ta kashe masa gani ba.

A bakin titi masu shayi sun hura wuta, 'yan acaɓa sun naɗe fuska da rawani ko tsumma, mata masu sayar da doya da kayan miya suna kaɗe ƙurar da ta kwana a kan kayansu. Yara 'yan makaranta na wucewa leɓɓansu a fashe, ƙafafunsu fari fes kamar an barbaɗa musu toka. Duk inda aka taru, tari da atishawa ne ke tashi.

Uke gari ne a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, a kan babbar hanyar da ta haɗa Abuja da Keffi. A takarda ba ya cikin Birnin Tarayya, amma rayuwarsa a ɗaure take da birnin. Ma'aikata da 'yan kasuwa da leburorin da tsadar haya ta kora daga tsakiyar Abuja sun bazu a garuruwan wannan hanya, tun daga Nyanya da Mararaba da Masaka har zuwa Keffi. Kullum safiya sukan kwarara cikin birni, da yamma su dawo. Iskar da suke shaƙa a wannan zirga-zirga daga Nuwamba zuwa Maris ita ce abin da wannan rahoto ya duba, tare da abin da take jawo wa lafiyarsu da kuma sana'ar karɓar baƙi da masu yawon buɗe ido.

Daga ina ƙurar take zuwa?

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan yanayi, har ya raba masa sunaye. Akwai ɗari, wato busasshen sanyin da ke fasa fata. Akwai jaura, iskar da ke kaɗawa da sanyin safiya tana ratsa riga. Akwai kuma hazo, farar ƙurar da ke tsayawa a sararin sama kwana da kwanaki ba ta sauka. Dukansu na zuwa ne bayan kaka, lokacin da iskar arewa maso gabas mai fitowa daga Sahara ta rinjayi iskar teku mai ɗauke da damshi, ta tura ta kudu.

Mafi yawan ƙurar da ke sauka a kan rufin gidajen Uke da gilasan motocin Abuja ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta iso. Babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, wadda ta samu daga ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iska kuma takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta faɗa wa kwarin, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. An ƙiyasta cewa ana samun guguwar ƙura a wurin kimanin kwana 100 a shekara.

Cikin 'yan kwanaki ƙurar kan ratso Nijar, ta shigo ta Maiduguri da Nguru da Kano da Katsina da Sakkwato, ta gangaro Kaduna da Abuja, wani lokaci har Legas da Fatakwal. Wani kasonta ma yakan tsallake Tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, inda yake zama taki ga itatuwa.

Hayaƙin da muke ƙarawa da hannunmu

Da ƙurar Sahara ce kaɗai, da sai a ce abu ne daga Allah, a yi haƙuri har ta wuce. Amma wanda ya bi hanyar Keffi da magariba a watan Disamba ya san akwai wani hazon da ba daga Chadi ya zo ba. Manoma na ƙona karan gona da ciyawa bayan girbi. Mafarauta na cinna wa daji wuta don su fito da gafiya da zomo. A bayan gidaje da bakin kwalbatoci ana ƙona shara, cikinta har da leda da roba da tsofaffin tayoyi. Idan aka ɗauke wutar lantarki, injinan janareta su tashi gaba ɗaya a shaguna da gidaje.

Ga kuma motoci. Cunkoson Mararaba da Nyanya sananne ne ga duk mazaunin Abuja: dubban motoci da babura da manyan tireloli, da yawansu tsofaffi, suna tsaye wuri ɗaya injinansu na aiki. Ga ƙurar hanyoyin unguwanni da ba a shimfiɗa musu kwalta ba, ga ta wuraren gine-gine, ga ta masu fasa dutse irin na Mpape.

A cikin gida kuwa akwai murhu. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin kananzir da iskar gas ta girki ya yi tashin da ya mayar da gidaje da dama kan itace da gawayi. Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin manyan hanyoyin shiga Abuja shaida ne. Matar da ke tsugune gaban murhu da goyo a bayanta tana shaƙar hayaƙin da ya fi na titi kauri, ita da jaririnta.

Abin da ke sa lamarin ya ƙara muni a hunturu shi ne yadda iska ke kwanciya da dare. A sauran lokuta iska mai zafi takan tashi sama ta tafi da hayaƙi. Amma a daren sanyi ƙasa na saurin hucewa, sai iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi kuma ta zauna a samanta kamar murfin tukunya. Duk hayaƙin da aka tayar daga magariba zuwa hantsi sai ya maƙale a daidai tsayin da mutane ke numfashi. Babu kuma ruwan sama da zai wanke shi sai bayan watanni.

Abin da ke shiga huhu

Masana lafiya na auna ƙurar iska da girman ƙwayoyinta. Manya-manyan, waɗanda ake kira PM10, galibi sukan tsaya a hanci da maƙogwaro, su jawo mura da kaikayi da tari. Ƙananan, wato PM2.5, sun fi silin gashin kai sirantaka kusan sau 30. Su ne ke wucewa can cikin huhu, wasu ma su shiga jini. Ƙurar hamada ta ƙunshi iri biyun, hayaƙin wuta da na inji kuma kusan duk ƙananan ne.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ma'auninta, inda ta ce bai kamata matsakaicin PM2.5 ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a yini guda ba, ko 5 a matsakaicin shekara. A ranakun da hazo ya yi kauri, iskar garuruwan arewacin Najeriya kan ninka wannan ma'auni sau da yawa. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa gurɓatar iska, ta waje da ta cikin gida, na da hannu a mutuwar kusan mutum miliyan 7 a duniya kowace shekara, ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da cututtukan huhu.

A Najeriya, wani nazari da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kimanin 11,200 a Legas kaɗai a shekarar 2018, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tare da asarar da ta kai dala biliyan 2.1. Legas kuwa tana bakin teku, ƙurar hunturu ba ta daɗewa a kanta kamar yadda take daɗewa a arewa.

Waɗanda suka fi jin jiki sanannu ne. Mai ciwon asma kan kwana a zaune idan hazo ya sauka, yana neman numfashi. Yara ƙanana na kamuwa da ciwon huhu na nimoniya, cutar da alƙaluman UNICEF suka nuna ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a shekarar. Masu amosanin jini, waɗanda ake haifar kimanin 150,000 daga cikinsu a ƙasar nan duk shekara, sanyi da bushewar jiki na tayar musu da ciwon gaɓɓai mai tsanani. Tsofaffi masu hawan jini da ciwon zuciya su ma wannan ne lokacin da ya fi yi musu nauyi. Sai ƙananan matsalolin da kusan kowa ke fama da su: jan ido, haɓo, faso, kaushi da fashewar leɓe.

Hazo kan sauka a kan kowa, amma ba kowa ke shaƙarsa daidai ba. Mai mota mai na'urar sanyaya iska yana fita daga gida zuwa ofis gilashinsa a rufe. Ɗan acaɓa, mai shara, mai talla a cikin cunkoso, ɗan sandan hanya da leburan gini kuwa a cikinsa suke yini. Almajiran da ke kwana a zaure ko a rumfar kasuwa, da 'yan gudun hijirar da ke zaune a sansanoni irin na Durumi da Kuchingoro da Wassa, a cikinsa suke kwana.

Akwai kuma wani haɗari da ke ɗaukar rai cikin dare ɗaya. Saboda sanyi, wasu kan shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga, wasu kuma su ajiye janareta a baranda ko a cikin shago. Gawayi da janareta na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mutum na barci take shiga jininsa ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. An sha wayar gari a sassan ƙasar nan a tarar da iyali guda sun rasu ta wannan hanya.

Lokacin sanƙarau

Cutar da ta fi kowace alaƙa da wannan yanayi a tarihin ƙasar Hausa ita ce sanƙarau. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya bayyana wani zirin ƙasa da ya taso daga Senegal har Habasha inda annobar ke yawan ɓarkewa, kuma arewacin Najeriya da kudancin Nijar na tsakiyarsa. Cutar kan fara ɗagowa ne a tsakiyar rani, ta kai ƙololuwa a bazara, ta lafa da zarar ruwan sama ya sauka. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, busasshiyar iska da ƙura na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar da mutane da yawa ke ɗauke da ita ba tare da ta cutar da su ba ta samu ƙofar shiga jini. Cunkoso a ɗaki marar taga kuma na sauƙaƙa yaɗuwarta.

Dattawan Kano ba su manta da 1996 ba. A shekarar sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, aka kawo Najeriya a 2011, ta kusan kawar da nau'in A na ƙwayar cutar. Sai nau'in C ya taso: a 2017 an samu sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka mutu, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar a lokaci guda.

Garuruwan gefen Abuja, inda ake cusa mutum shida ko bakwai a ɗaki ɗaya, kuma kullum ake karɓar baƙi daga jihohin arewa, ba su da dalilin ɗaukar kansu a matsayin waɗanda suka tsira. Zazzaɓi mai zafi da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya alamu ne da ba a kwana da su a gida. Sanƙarau na iya kashewa cikin yini guda, kuma wanda ya rayu yana iya rasa ji.

Kakar baƙi a cikin hazo

Abin da ke ɗaure kai shi ne, watannin hazo su ne kuma kakar masu harkar baƙi. Hanyoyi sun bushe, zafi ya ragu, makarantu sun yi hutu, 'yan Najeriya mazauna ƙetare sun dawo gida. Bukukuwan aure da na naɗin sarauta da tarukan ƙarshen shekara duk a nan suke taruwa. Otal-otal da wuraren shaƙatawa irin Millennium Park, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003, da bakin tafkin Jabi, da ƙauyen masu ginin tukwane na Ushafa, wanda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000, duk suna sa ran cinikin wannan lokaci.

Amma abin da Abuja ke tallatawa shi ne kyan gani. Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, yana tsaye ne a gefen hanyar Kaduna kusa da Madalla, kuma a rana mai haske ana hango shi daga nesa. A ranar hazo sai dai a ga inuwarsa kamar zane a jikin farin bango. Haka Dutsen Aso yake ɓacewa a bayan Majalisar Tarayya. Masu hawan duwatsu a ƙarshen mako, waɗanda suka yawaita a Abuja a 'yan shekarun nan, sukan kai ƙololuwa su tarar babu abin kallo sai fari. Magangarar ruwa ta Gurara a jihar Neja da ta Farin Ruwa a yankin Wamba na jihar Nasarawa ruwansu kan ragu a rani, hanyar zuwa ta fi sauƙi, amma mai ɗaukar hoto ba ya samun shuɗin saman da ya zo nema.

Can arewa ma haka abin yake. Rani ne lokacin da ya fi dacewa da ganin namun daji a Yankari, domin ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, bisa al'ada ana yin sa ne a wajajen Fabrairu ko Maris. A Nijar ma gasar kokawa ta takobin ƙasa a lokacin sanyi take gudana. Mai hawa Dutsen Dala don ya ga faɗin birnin Kano yana iya sauka bai ga ko Gwauron Dutse sosai ba.

A garuruwan kan hanya irin Uke asarar ba ta shiga littafin kowa, amma tana nan. Mai gasa kifi ko nama a bakin titi, mai tuwo, mai sayar da lemo da ayaba, cinikinsu ya dogara ne ga matafiyin da zai ga dama ya tsaya. Idan ƙura na tashi sanyi na busawa, matafiyi yakan ɗaga gilashi ya wuce, masu zaman hira da dare su watse da wuri. Abincin da aka baje a fili kuma ƙura na sauka a kansa, wanda hakan wata matsalar lafiyar ce ta daban.

Ba za a ce hazo ne babban abin da ya durƙusar da yawon buɗe ido a arewa ba. Rashin tsaro da lalacewar hanyoyi da rashin kula da wuraren tarihi sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Sai dai shi yana dawowa duk shekara a lokacin da aka sani, don haka shi ne wanda ya fi sauƙin yi wa shiri.

Idan jirgi ya kasa sauka

Inda hazo ya fi bayyana ƙarfinsa a fili shi ne filin jirgin sama. Duk shekara Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, na fitar da gargaɗi cewa ƙura ta taso daga Chadi ko Nijar, kuma nisan gani zai iya sauka ƙasa da mita 1,000 a wasu jihohi. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ita ma takan ja hankalin matuƙa da kamfanoni su kiyaye ƙa'idar tashi da sauka. Idan nisan gani ya gaza abin da aka gindaya wa filin jirgi, dole a jinkirta tafiya, ko a soke ta, ko a karkatar da jirgin wani gari.

Fasinjojin da ke bin Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yola sun san zaman jira a filin Nnamdi Azikiwe na Abuja daga safe har dare. A watan Fabrairun 2020 lamarin ya kai ga an karkatar da jiragen ƙasa da ƙasa da dama da suka nufi Legas zuwa Accra ta ƙasar Ghana, saboda hazo ya haɗu da matsalar na'urar da ke taimaka wa jirgi sauka idan gani ya yi ƙaranci. Fasinjoji suka kwashe kwanaki a can. Kowane jirgin da aka soke yana nufin ɗakin otal da aka kama ba a kwana ba, taron da aka ɗage, da baƙon da zai koma ƙasarsa da labari marar daɗi.

A titi ma haka. Hanyar Abuja zuwa Keffi na ɗaukar motoci masu yawa da sassafe, daidai lokacin da hazo da hayaƙin ƙona daji suka fi kauri. Gudun wuce sa'a a irin wannan yanayi, ko barin lalatacciyar mota a kan titi babu alama, na daga cikin abubuwan da jami'an kiyaye haɗurra ke gargaɗi a kansu duk ƙarshen shekara.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

Ba mu kaɗai ke da lokacin gurɓatar iska ba. A birnin Delhi na Indiya, duk watan Nuwamba hayaƙin ƙona karan shinkafa daga jihohin Punjab da Haryana na haɗuwa da na motoci ya rufe gari. A Chiang Mai da ke arewacin Thailand, garin da ya dogara da baƙi, watannin Fabrairu zuwa Afrilu sun yi suna da hayaƙin ƙona gonaki da daji, har masu shirya tafiye-tafiye kan shawarci baƙi su kauce musu. Lahore ta Pakistan ma na cikin wannan hali.

Waɗannan birane ba su magance matsalar ba tukuna. Abin koyi a wurinsu shi ne suna auna iskar, suna sanar da jama'a sakamakon kowace rana. A Delhi akwai tsari mai hawa-hawa: idan ma'auni ya kai wani mataki a dakatar da gine-gine, a hana wasu manyan motoci shiga, a rufe makarantun ƙananan yara. Uba ya san ranar da zai hana ɗansa mai asma fita, mai otal ya san abin da zai gaya wa baƙonsa.

Abin da ke hannun hukuma

Najeriya ba ta rasa dokoki ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma tana da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙona shara a fili tun 2011, da na kula da ingancin iska tun 2014. Abuja na da hukumar kare muhalli tata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aiwatarwa, da kuma samar wa mutane mafita. Wanda motar kwashe shara ba ta zuwa unguwarsu zai ci gaba da ƙonawa, ko an kafa masa allon gargaɗi goma.

Babu gwamnatin da za ta hana iska tashi a Bodele. Ko shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 kuma Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada, amfaninsa yana ga riƙe ƙasar noma da rage ƙurar gida, ba tare ƙurar da ke tafe a can sama ba. Amma rabon da muke ƙarawa da hannunmu ana iya rage shi. Ana iya kafa na'urorin auna iska a Nyanya da Mararaba da Masaka da Keffi, a riƙa karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Gbagyi da sauran harsunan yankin, kamar yadda ake karanta hasashen damina. Ana iya tanadar wa asibitocin matakin farko maganin shaƙa na masu asma da iskar numfashi da allurar sanƙarau tun watan Oktoba. Ana iya haɗa kai tsakanin Birnin Tarayya da jihar Nasarawa kan kwashe shara da manyan motocin haya, tunda jirgin ƙasan cikin birni da aka farfaɗo da shi a 2024 bai biyo ta wannan hanya ba. Sauƙaƙa farashin iskar gas da murhun zamani mai cin itace kaɗan kuwa zai taimaki mata da jarirai fiye da kowane mataki.

Masu otal da masu shirya tafiye-tafiye su ma suna da nasu. Gara a gaya wa baƙo gaskiyar yanayin tun kafin ya biya kuɗi, a tsara masa ziyarar duwatsu a ƙarshen damina lokacin da sama ke garau, a bar kasuwanni da gidajen tarihi da bukukuwa ga watannin sanyi, a kuma bar tazara tsakanin ranar saukar jirgi da ranar taro.

Abin da ke hannun magidanci

Shawarwarin likitoci a wannan lokaci ba su da tsada. A yawaita shan ruwa ko ba a jin ƙishi. A rufe hanci da baki idan za a fita. Takunkumi irin N95 ya fi tare ƙananan ƙwayoyi, amma ko rawani ko mayafi ya fi babu. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. A rufe abinci da ruwan sha. A shafa man kaɗanya ko basilin. A sa wa yara da tsofaffi kayan sanyi, a rage fitar da su da asuba. Mai asma kada ya rabu da maganinsa. Kada a kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki, kada a kunna janareta kusa da taga. Yaron da numfashinsa ke sauri, ko haƙarƙarinsa ke lotsawa idan ya ja iska, a kai shi asibiti a ranar. A kuma kula da wuta, domin komai ya bushe: gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016 da ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021 duk a rani suka auku.

Hunturu na da nasa alherin, kuma manomi ya fi kowa sani. Sanyinsa ne ke sa alkama ta yi kyau a Kadawa, shi ke busar da hatsi da barkono, a cikinsa mangwaro ke fure, sauro kuma ya ragu. Ƙurar kanta na sauke wa gonaki ɗan taki. Kakanninmu sun rayu da shi shekaru aru-aru da bargo da man shanu da wutar kara a tsakar gida. Abin da ya sauya shi ne yawan mutane da injina da robar da ake ƙonawa a ƙarƙashin wannan hazo.

Zuwa ƙarshen Maris ko cikin Afrilu hadari zai haɗu a kan duwatsun Karu, ruwan farko ya sauka, sama ta wanke, masu tari su samu sauƙi, a daina maganar hazo. Daga nan zuwa Nuwamba akwai wata bakwai. A cikinsu ne hukumomin Abuja da na Lafiya za su iya sayen na'urorin auna iska, su tanadi magani, su tsara kwashe shara a garuruwan hanyar Keffi, kafin iskar arewa maso gabas ta sake juyowa.